Askirim Ba Abin Kunya Ba Ne, Amma Madarar Ta Wace Ce?

Duk wanda ya tashi a Sabon Badun, ko Agege, ko Idi Araba a birnin Ikko, ba sai an gaya masa ma'anar ƙarar hon ɗin mai keken askirim ba. Da an ji shi daga bakin layi, allo ya tashi daga karatu, talla ta tsaya, yaro ya ruga wurin uwa yana roƙon sisi ko sule, sunayen da aka ci gaba da kiran kwabo biyar da kwabo goma da su ko bayan zuwan naira a 1973. Wanda ya samu sai ya ciji kusurwar leda ya riƙa tsotsa sannu a hankali don kada ta ƙare, abokai kuwa sun kewaye shi kowa na cewa a ɗan sam masa. Wanda bai samu ba sai ya koma ga ƙanƙarar zoɓo ko ta tsamiya da matan gida ke ƙullawa, wadda ita ma ba baya ba ce wajen kashe zafin rana.

Waɗancan yara su ne dattawan zango a yau. Sau da yawa za a ga Alhaji ya tsayar da mai keke ya ce zai saya wa jikoki, alhali kuwa guda ɗaya a aljihun babbar riga za ta ɓuya sai an shiga ɗaki. To, wannan ɓoyo ba shi da dalili. Mutumin da ya girma da fura da nono da kindirmo, in ya so madara mai sanyi da zaƙi ai gado ya yi. Sai dai mai ciwon sukari ya ji maganar likita.

Abin da ya kamata ya dami 'yan Arewa mazauna Kudu wani ne dabam. Kamfanin Fan Milk, wanda kekunansa suka sa askirim ya shiga kowane lungu, wani Bature ne ɗan ƙasar Denmak mai suna Erik Emborg ya kafa shi, ya fara aiki a Badun a 1963, bayan ya soma irin wannan sana'a a Gana. Tun daga farko da garin madara na ƙasashen waje aka dogara, ana jiƙa shi a sarrafa. A 2013 kamfanin Danone na Faransa ya sayi wani kaso, a 2019 kuma ya mallake shi gaba ɗaya. Ba wannan kamfani kaɗai ba, yawancin madarar da masana'antun ƙasar nan ke aiki da ita jirgin ruwa ne ke kawo ta, a ƙasar da ke da shanu miliyoyi, akasarinsu a hannun Fulani.

Wato ke nan, samarin Arewa na cikin masu tuƙa keken cikin rana da ruwan sama, ladansu gwargwadon abin da suka sayar, yaran Arewa na cikin masu sha, amma kuɗin madarar manomin Turai da na Niyuzilan ke karɓa. Matar Bafulatani kuwa tana yawo da ƙwarya, nonon da bai ƙare ba kafin la'asar ya yi tsami.

Masu kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Saniyar gida ba ta ba da nono da yawa, musamman da rani. Rugage a warwatse suke, hanya babu kyau, wutar lantarki ba tabbas, madara kuwa in ba a sanyaya ta cikin 'yan sa'o'i ba ta lalace. Gwamnati ta gwada matsi: a 2020 Babban Banki ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni 6 da suka yarda su zuba jari a gida, a 2024 kuma aka janye dokar. Doka kaɗai ba ta tatsar saniya.

Abin da ya nuna alamar aiki shi ne cibiyoyin tara madara, irin waɗanda kamfanin da ke yin madarar Peak ya buɗe a Fasola da Iseyin cikin Jihar Oyo, inda matan Fulani ke kai nono da sassafe a gwada, a auna, a biya. Ga shi kuwa a nan Kudu ne, kusa da masana'antu. Manyan dillalan shanu na kara da sarakunan Hausawa da na Fulani suna da kuɗi da bakin magana da za su haɗa makiyaya cikin ƙungiyoyin gama kai, su sayi tankin sanyi mai aiki da hasken rana, su nemi ciniki da kamfanoni. Har yau hankalin kara yana kan nama da fata, kamar saniya ba ta da hantsa.

Akwai kuma magana ga iyaye mata masu ƙulla ƙanƙara a gida. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Ikko a watan Yuni na 2024, jami'an lafiyar jihar sun ambaci wani kunun aya na gora marar rajista cikin abubuwan da ake zargi, kuma irin wannan labari duk masu sana'ar yake shafa. A tafasa ruwa kafin a haɗa. Askirim ɗin da ya narke don an ɗauke wuta ya kwana, aka sake daskarar da shi, ana gane shi da tsatsar ƙanƙara da canjin siffar leda, kuma mai kanti ya zubar da shi ya fi masa arha a kan ya sayar wa ɗan maƙwabcinsa.