Cinikin Biri A Sama: Gargaɗi Ga Masu Sayen Karsana Mai Ciki

Duk wanda ya san unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya san cewa kiwo ya shigo cikin gari. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, da matar auren da ta ɗauki adashi, da saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, kowa burinsa ya kafa turke a bayan gida. Da yawansu sun wuce kiwon tumaki da awaki irin waɗanda ake saye a 'Yan Awaki ta Unguwa Uku, yanzu sai karsana, kuma mai ciki. Dabarar ba ta da laifi, gama saniya tana haihuwa ne bayan wata 9 da 'yan kwanaki, don haka wanda ya sayi mai ciki ya rage wa kansa jiran maraƙi da madara. Amma ra'ayina shi ne, yawancin masu ƙaramin jarin nan suna biyan kuɗin abin da ba su gani ba, alhali kuwa ga hanyar gani a kusa da su.

To, bari mu duba yadda cinikin yake. Mutum ya kama hanyar Maiduguri ya tafi karar Wudil ran Juma'a, ko ya nufi Ɗambatta ran Lahadi, ko Maigatari ran Alhamis. Da shigarsa dillalai sun kewaye shi. A nuna masa karsana mai tumbi a ce wata 6 gare ta, a sa mata kuɗi fiye da na 'yar'uwarta da ba ta da ciki. Idan kuwa gwanjo ne, kamar yadda wasu gonaki ke yi in za su rage garke, nan ma sai ya ga ana ta yin tayi a kan tayi, zuciya ta ɗebe shi, ya wuce abin da ya ƙudura tun daga gida. Sai mu tuna cewa la'adar dillali ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Tumbi kuma ba shaida ba ne, ruwa da dusa ma suna kumbura shi. Ba banza ba malaman fiƙihu suka hana sayar da abin da ke cikin ciki shi kaɗai.

Hanyar tabbatarwa sananniya ce. Likitan dabbobi yana iya sa hannu ta duburar saniya ya gane ciki tun yana wata 2, har ya ƙiyasta watanninsa. Haƙora kuma ba sa ƙarya: wadda ta fid da manyan haƙora 2 ko 4 a gaba yarinya ce, wadda haƙoranta suka cika 8 har suka fara cinyewa ta daɗe da barin ƙuruciya. Sannan akwai bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari a watannin ƙarshe, tana kuma kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. Da ɗan jini kaɗan ake gano ta. Ladan likita bai kai ko kusa da asarar karsana guda ba.

Abu na biyu shi ne iri. Idanun mutane sun rufe a kan shanun Turawa da ruwa-biyu saboda yawan madara. Gaskiya ne suna da madara, amma suna da ci, ba sa jure zafin bazara da kaska kamar namu. Karsanar da aka ba babban bijimin Turawa kuma tana iya shan wuyar haihuwar fari. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da Bunaji ko Bokolo. In ma ruwa-biyun yake so, ya nemi wadda aka san asalinta, ya nemi shawarar masana irin na cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya.

Abu na uku, wanda ya fi kashe jari, shi ne zuba kuɗi duka a kan dabba. A cikin gari babu makiyaya, kome saye ake yi: harawa, dusa, ƙulin auduga, kanwa, har ruwa. Shawarata ita ce a raba kuɗi uku, kashi biyu na saye da mota, kashi ɗaya na abinci da magani. A tanadi harawa da kaka lokacin da take araha. Wanda kuɗinsa bai isa haka ba, gara ya haɗa gwiwa da maƙwabci su sayi ta kirki guda. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Wani zai ce, ai iyayenmu da ido da amana suka yi ciniki, ba su san likita ba. Haka ne, amma su cikin shanu suka tashi, sun san mai garken, sun san uwar karsanar. Ɗan birni bai gaji wannan ido ba. Dillali mai gaskiya kuwa gwaji ba ya rage shi da kome, sai ma ya ƙara masa masu saye.

Saboda haka ina kira ga hukuma. Tun da an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, ya kamata talaka ya gani a ƙasa. A ajiye likita da ma'auni a kowace kara ranar kasuwa, a riƙa ba da takardar shaidar ciki da lafiya a kan kuɗi kaɗan. Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, musamman na fannin aikin gona, kada iliminmu ya tsaya a takardar jarrabawa. In maƙwabci zai tafi kara, mu raka shi, mu buɗe bakin karsanar, mu nace sai likita ya duba kafin a ce an sallama. Allah Ya sa albarka a turakunmu, amin.