Ku Fito da Adda da Lauje, Mutanen Fadamun Haɗeja da Nguru

Ya ku manoma da masunta na Haɗeja da Guri da Kirikasamma da Nguru da Gashuwa! Ciyawar kachala tana cinye muku fadama, kuma ba za ta tsaya jiran takarda daga Abuja ba.

Dattawanku sun san mafarin abin. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya daina cika da damina ya janye da rani yadda aka saba. Yanzu ruwa na tsiyayowa duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe magudanai, ruwa ya ɓata hanya ya je ya kwanta a gonar shinkafa. Masunci ya tura kwalekwale ya maƙale, ya jefa taru ya yage, ya dawo gida da 'yan karfasa da ba su rufe gindin kwando ba. Tsuntsayen jan-baki ma a cikin kachalar suke kwana, da asuba su taso su afka wa gero.

Gwamnati ba ta rasa shiri ba. A 1976 aka ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, a shekarar kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A Yulin 2023 Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Madalla da wannan. Amma me buhun taki zai yi wa gonar da ruwa ya shanye?

Don haka ku tashi! Dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa, ku sa ranar gayya tun ruwa bai kawo ba. Limamai, ku faɗa bayan sallar Juma'a. Matasa, ku shiga ku sare kachalar a ƙarƙashin ruwa, don saran sama aikin banza ne, nan da nan take tofowa. Kuma kada wani gari ya share nasa ya kwanta. Magudana ɗaya ce, in Guri ta gyara maƙwabciyarta ta bari, toshiyar tana nan.

Masunta, ku ma akwai naku. Wanda ya zuba guba a tafki, ko ya ja taru mai ƙananan ido yana kwashe 'ya'yan tarwaɗa, abincin baɗi ya sace, ku kai shi gaban sarkin ruwa ko da ɗan wa ne.

Daga nan ku haɗa ƙungiya, ku rubuta sunayen manoma na gaskiya da wurin gonar kowa, don kada tallafi ya ƙare a hannun waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ku tura wakilai Dutse da Damaturu su nemi injinan yanke ciyawa da yashe magudanai. Wasu su je ofishin hukumar kogunan a Kano, su nemi a riƙa sanar da ku a rediyo kafin a saki ruwan Tiga.