Kafin a Ƙara wa Mota Gudu, a Fara Duba Birkinta

Duk wanda ya taɓa kallon jahi a hawan Sallah ya san inda ake gane gwanin mahayi. Sukuwa kowa na iya yi muddin doki na da ƙarfi, amma zamiya a gaban Sarki, inda za a ja linzami doki ya tsaya cik bai haura kan jama'a ba, ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. Wannan ƙa'ida ta shafi motocin gudu, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da BMW masu tambarin M, waɗanda muke gani a hannun matasanmu a Abuja da Kano da Kaduna. Hirar masu su ba ta wuce ƙarfin inji da ƙarar salansa, da wuya ka ji an yi zancen yadda motar za ta tsaya. Shi ya sa a wannan mako zan yi tsokaci a kan inganta birkin irin waɗannan motoci, musamman ga mai son motarsa ta yi zirga-zirgar gari kuma ta shiga filin tsere.

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu zuwa zafi, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da gudun. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha yana ninkawa sau huɗu. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke tafiyar kilomita 100 a awa, idan ta tsaya cik, zafin da take fitarwa ya isa ya kai kusan lita 2 ta ruwa ga tafasa. A gudun kilomita 200 kuwa, ya haura na lita 7, kuma duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. A titi, direba kan taka birki da ƙarfi sau ɗaya, ya sami lokacin hucewa. A filin tsere kuwa kwana na bin kwana, faifan birki na iya wuce digiri 500, kuma ba ya samun sararin sanyi. Masana'antar motoci ta ɗauki wannan darasi tun 1953, lokacin da motar Jaguar C-Type ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da birkin faifai da aka ƙera tare da kamfanin Dunlop. Injinta ba shi ne mafi girma a filin ba, amma birkinta ya fi na abokan karawarta jure zafi.

Daga nan mai karatu zai fahimci kuskuren da ake yawan yi, wato zaton cewa katafaren birki na rage nisan tsayawa. Birkin da kamfani ya sa wa motar gudu ya riga ya fi ƙarfin riƙon da taya ke yi wa kwalta, shi ya sa na'urar ABS, wadda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita kasuwa a 1978, ke shiga tsakani don hana taya ƙullewa. Taya ce ke tsayar da mota. Babban birki amfaninsa shi ne taki na goma ya kama kamar yadda na farko ya kama. Don haka mai hankali da taya yake farawa: mai kyau, wadda ba ta tsufa a shago ba, da iska daidai gwargwado. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Sai man birki, wanda ya fi komai arha kuma aka fi yi wa sakaci. Mafi ƙarancin zafin tafasar sabon mai na DOT 3 digiri 205 ne, na DOT 4 digiri 230, na DOT 5.1 digiri 260. Matsalar ita ce wannan mai yana shan danshi daga iska, kuma da ya sha, DOT 4 na iya tafasa a digiri 155. Idan ya tafasa sai ya yi tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka birki ya nutse har ƙasa motar ba ta kama ba. Galibin kamfanoni na ba da shawarar a sauya man duk shekara 2, mai shiga filin tsere kuma ya sauya fiye da haka. A kuma kiyaye da DOT 5, domin sinadarinsa daban ne, ba a gauraya shi da sauran.

Wuri na uku, kuma inda titi da filin tsere suka fi saɓawa, shi ne abin da kanikawa ke kira fad, wato ɗan takalmin da ke matse faifai. Fad na titi yana kamawa tun da sanyin asuba, ba ya ƙara, amma yana sakin jiki idan zafi ya yi yawa. Na tsere kuwa sai ya ɗauki zafi yake kamawa sosai. Da sanyi yana ƙugi, yana cin faifai, kuma riƙonsa na da rauni. Wanda ya ɗaura fad na tsere ya shiga gari da safe ya raunana birkinsa da kuɗinsa, a daidai lokacin da yara 'yan makaranta ke tsallaka titi. Ba a bin zomo biyu a lokaci guda. Ko dai a nemi fad na tsaka-tsaki a yarda da iyakarsa, ko a ajiye kala biyu a riƙa sauyawa. Sabon fad kuma yana buƙatar horo, ta hanyar rage gudu sau da dama a jere a wurin da babu jama'a, kafin a dogara da shi.

Bayan waɗannan ne ake maganar tiyo mai saƙar ƙarfe, da bututun da ke kai iska ga faifai, sannan manyan faifai da kalifa irin na kamfanin Brembo na Italiya. A nan ma akwai tarko. Idan aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, don haka birkin gaba ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin, kuma injiniyoyi sun auna wannan rabo ne da lissafi. Ɗauko kalifar wata mota daga kasuwar kayan gyara a ɗaura don ta yi kyau a ido na iya ɓata rabon, nisan tsayawa ya ƙaru ko bayan mota ya juya. Faifai mai huji-huji shi ma ado ne da kan tsage idan ya sha zafin tsere. Jabun kaya kuwa, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a kan fenti mai sheƙi, arharsu ita ce shaidarsu.

Akwai kuma abin da babu birkin da zai gyara. A gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta yanka wa ƙananan motoci a manyan hanyoyin Nijeriya, mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafa ta kai ga birki. A Nürburgring ta Jamus, da'irar da ta kusa kilomita 21, mutum na biyan kuɗi ya shiga da motarsa ya gwada ta, kowa na fuskantar gefe guda, babu mai talla, babu ɗan acaɓa. Titunanmu ba haka suke ba. Wasan mota a wurin biki ko a tsakar gari ganganci ne da ran wanda bai ji ba bai gani ba, komai tsadar birkin.

Shawarata ga masu waɗannan motoci, da iyayen da ke saya musu, ita ce a bi tsari: taya, sai mai, sai fad, sannan sauran, a hannun bakanike da ya san aikinsa. Ga hukumomi da masu hannu da shuni kuma, samar da killataccen fili mai dokoki inda matasa za su gwada motocinsu zai fi kame da tara amfani. Kafin a kai ga haka, wanda bai da kuɗin gyara birki bai da kuɗin ƙara wa inji ƙarfi. Allah Ya kiyaye hanya.