Jadawalin Yana Kansa, Tambayar Ta Kayar da Shi: Laifin Masu Sayar da Hadda a Darasin Mantiƙi

A makon da ya gabata na iske ƙanena zaune a zaure da littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, yana shirin jarrabawar lissafin kwamfuta ta ƙarshen zango. Ya haddace jadawalin gaskiya da ƙarya tsaf, layi huɗu na kowace alama, yana karanto su kamar mai karanta kirari. Sai na rufe littafin na yi masa tambaya ɗaya. Na ce a gidan wani attajiri akwai ƙa'ida: in aka ɗauke wuta, za a tayar da janareta. Ka wuce ta ƙofar gidan ka ji janareta yana ruri. Shin an ɗauke wuta? Bai ko yi jim ba ya ce, "Yaya, ai wannan a fili take. An ɗauke."

Amsar tasa kuskure ce. Ƙila mai gyara ne ya zo gwaji, ƙila wutar tana nan amma ba ta da ƙarfin ɗaukar firij. Ƙa'idar ta faɗi abin da zai biyo bayan ɗauke wuta, ba ta ce komai ba game da sauran dalilan da za su sa a tayar da inji. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, layi na uku na jadawalin da ya gama karanto mini wannan maganar yake yi: sharaɗi na iya zama ƙarya, sakamako ya zama gaskiya, jimlar kuma ta tsaya daram. Ya san layin, bai taɓa sanin abin da layin yake nufi ba.

Yaron ba shi da laifi. Laifin yana wuyan tsarin da ya mayar da ilimin mantiƙi, wato ilimin gane ingancin hujja, zuwa kayan hadda: malaman da ke raba takardun amsoshi maimakon su sa ɗalibi ya kare amsarsa, masu darasin yamma da ke tallata “sirrin cin jarrabawa”, da masu shirya jarrabawa waɗanda ke dawo da tambayoyin bara ba tare da sun canza ko harafi ba. Duk darasin da aka haddace ba a fahimta ba an cuci ɗalibinsa, amma cutar ta fi muni a mantiƙi, domin shi kaɗai ne darasin da abin da yake koyarwa shi ne tunanin kansa. Wanda ya haddace tarihi aƙalla ya fita da sunaye da shekaru. Wanda ya haddace mantiƙi ya fita da hannu wofi.

Kada mai karatu ya yi wa ƙanen nawa dariya tukuna. A shekarar 1966 masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, Peter Wason, ya fito da wani gwaji da ya shahara. Ka ɗauka an ajiye maka kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Abin da kake gani shi ne E, K, 4 da 7. An ce maka: duk katin da ke da wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa cika ce, wato wadda 2 ke rabawa ba saura. Waɗanne katuna ne tilas ka juya don ka tabbatar ko an karya ƙa'idar? Mafi yawan mutane, har da ɗaliban jami'a, sukan ce E da 4, ko E kaɗai. Amsar ita ce E da 7. Katin 4 ba zai iya karya ƙa'idar ba ko me ke bayansa, domin ba a ce baƙaƙe ba su da ikon zama da lamba cika ba. Amma in ka juya 7 ka tarar da wasali, ƙa'ida ta rushe.

Yanzu sauya wa tambayar riga. Doka ta ce duk mai tuƙa mota sai yana da lasisi. Ga mutum huɗu: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tafiya a ƙasa, ɗaya ka san yana da lasisi, ɗaya ka san ba shi da shi. Ko ɗan kamasho a tasha zai gaya maka cewa mai tuƙin za a tambaya takardarsa, sannan a duba ko marar lasisin yana tuƙi. Ginin tambayoyin biyu iri ɗaya ne sak. Masu bincike Griggs da Cox sun nuna haka a 1982, lokacin da suka mayar da gwajin Wason zuwa dokar shekarun shan giya, sai mafi yawan waɗanda aka gwada suka ci. Darasin da ke ciki babba ne ga malami. Ɗalibi yana zuwa aji da hankalinsa, ya iya wannan tunani a kasuwa da tasha. Aikin darasin mantiƙi shi ne ya ɗauki wannan iyawa ya koya masa amfani da ita a inda babu labarin da zai jingina da shi, inda sai haruffa da alamomi. Hadda tana tsallake wannan gada gaba ɗaya.

Wani zai ce, to mene ne ruwan mai rubuta manhaja da duk wannan? Ruwansa ya kai wuya. A 1854 George Boole ya wallafa littafinsa kan dokokin tunani, inda ya nuna cewa ana iya sarrafa “da”, “ko” da “ba” kamar yadda ake sarrafa alamomin aljabara. A 1937 wani matashi mai suna Claude Shannon, a kundin digirinsa na biyu a MIT ta Amurka, ya nuna cewa makunnan lantarki, masu kunnuwa da mutuwa, suna bin wannan aljabara ɗin. Daga nan aka samu tubalin da aka gina kowace kwamfuta da kowace wayar hannu. Duk sa'ad da mai rubuta manhaja ya rubuta “in kaza ya faru, yi kaza”, jimlar mantiƙi ya rubuta, kuma injin zai bi abin da ya rubuta, ko da ya saɓa wa abin da yake nufi a zuciyarsa.

Ɗauki dokar De Morgan, wadda kowane ɗalibi ke haddacewa. A ce manhajar wata makaranta za ta bar ɗalibi ya shiga jarrabawa in yana da katin shaida kuma ya biya kuɗi. Wa za a hana? Mai gaggawa zai rubuta: wanda ba shi da kati kuma bai biya ba. Da wannan layi guda ya buɗe ƙofa ga duk mai kati da bai biya ko sisi ba. Korewar daidai ita ce: ba shi da kati ko bai biya ba. “Da” ta koma “ko”. Kuma ita kanta “ko” ɗin tarko ce ga Bahaushe, kamar yadda take ga Bature. In mai shayi ya ce maka “shayi ko koko”, ɗaya yake nufi. “Ko” ta mantiƙi tana yarda da duka biyun a lokaci guda, sai in an fayyace akasin haka. Wanda bai taɓa tsayawa ya auna wannan bambanci da harshensa ba, zai ci tambayar da ta zo da alamomi, ya faɗi ranar da aka ba shi aiki da kalmomi.

Haka abin yake a mantiƙin “kowane” da “akwai”. Kowane kwaɗo yana da mabuɗin da ke buɗe shi, magana ce ta yau da kullum. Akwai mabuɗin da ke buɗe kowane kwaɗo, wannan kuma labarin ɓarawo ne. Kalmomin kusan iri ɗaya, jerinsu kawai aka juya. A takardar jarrabawa bambancin bai wuce sauya wurin alamomi biyu ba, a tsaron na'urar banki kuwa shi ne bambanci tsakanin asusu mai kariya da asusun da aka yashe.

Masu kare hadda suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko ita ce lokaci: jarrabawa tana da agogo, tambayoyin na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne, kuma zana jadawali hanya ce da ba ta kuskure. Gaskiya ne ba ta kuskure, amma tana da tsada. Jimla mai harafi biyu layi 4 take buƙata, mai uku layi 8, mai biyar layi 32. Duk harafin da aka ƙara, jadawali ya ninka. Harafi 10 layi 1,024 ne, harafi 30 kuwa ya haura layi biliyan ɗaya. Wannan ninkawa ba ƙaramin al'amari ba ce a ilimin kwamfuta: a kan tambayar ko akwai layi ko da guda da zai gaskata jimla Stephen Cook ya gina fitaccen sakamakonsa na 1971, kuma har yau ba a san hanyar da ke warware ta da sauri a kowane hali ba. Ɗalibin da ya fahimci cewa jimlar sharaɗi a hali ɗaya tak take zama ƙarya, wato sharaɗi gaskiya sakamako ƙarya, zai tafi kai tsaye ya nemi wannan halin, ya gama tun mai jadawali yana ja da rula. Ko a ma'aunin agogon ma, fahimta ce ta fi sauri.

Hujja ta biyu ita ce, ai tambayoyin suna maimaituwa. A wasu wuraren haka ne, kuma abin kunya ne ga masu shirya su. Malamin da ya dawo da tambayar bara ya auna wanda ya sayi littafi ne kawai. Amma ɗalibin da ya dogara da wannan ya ɗaure kansa a gida ɗaya. Jarrabawar GATE ta Indiya, wadda ake shiga manyan digirin injiniya da ita, ta sa mantiƙin jimloli da na “kowane” da “akwai” a cikin manhajarta ta ilimin kwamfuta, kuma kamfanonin da ke ɗaukar masu rubuta manhaja sukan ba mutum matsala ne su ce ya yi tunaninsa a fili. A irin wannan ɗaki littafin bara ba ya ceton kowa.

Hujja ta uku ta zamani ce: manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara rubuta manhaja da kansu, me zai sa mutum ya wahala? Sai dai waɗannan manhajoji suna kawo amsa marar kyau da irin muryar tabbacin da suke kawo mai kyau. Dole wani ya duba, kuma mai dubawa ba zai wadatu da gwaji biyu ko uku ba. Ga misali da ake dangantawa da Euler: ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta, ka ƙara 41. Daga 0 za ka samu 41, sai 43, 47, 53, duk lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Haka za ta ci gaba har zuwa 39, gwaji arba'in ba faɗuwa. A kan 40 sai ka samu 1,681, wato 41 sau 41. Misali arba'in ba su tabbatar da ƙa'ida ba, misali ɗaya ya rushe ta. Kamfanin Intel ya ɗanɗani wannan a 1994, lokacin da malamin lissafi Thomas Nicely ya gano cewa ƙwaƙwalwar Pentium tana kuskure a rabon wasu lambobi ƙalilan. Kuskuren ya tsallake gwaje-gwajen kamfanin, kuma ya ci masa dala miliyan 475.

Akwai kuma masu ganin wannan ilimi baƙo ne da ya zo da boko, don haka haddarsa ma ƙoƙari ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a fannin mantiƙi, har ya yi musayar baitoci da Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin bai halatta a karanta fannin ba. Littafin Sullam na Ahalari, wanda aka rubuta a ƙarni na 16, ya daɗe ana karanta shi a zaurukan malaman Afirka ta Yamma. Mun san wannan fanni shekaru ɗaruruwa kafin Boole. Alamomin ne sababbi.

Gyaran ba ya buƙatar ɗakin kwamfuta ko intanet, wannan kuwa ya rufe bakin mai cewa talauci ne ya tilasta hadda. Ɗalibi ya riƙe littafin tsofaffin tambayoyinsa, amma ya canza yadda yake amfani da shi. Ya rufe amsa, ya mayar da kowace jimla zuwa Hausar gida kafin ya taɓa alama. Bayan ya sami amsar daidai, ya koma kan ukun da ba daidai ba, ya samo wa kowacce misalin da ke rushe ta. Sannan ya canza abu ɗaya a tambayar, ya juya sharaɗi da sakamako ko ya sa “ko” a madadin “da”, ya ga me ya faru da amsar. Tambaya goma da aka yi wa haka sun fi ɗari da aka haddace. Malami kuma ya daina ba da cikakken maki ga amsar da ba ta zo da dalili ba, ya rubuta sababbin tambayoyi kowace shekara, domin albashinsa na wannan aikin ne.

Na koma wurin ƙanen nawa bayan kwana biyu da tambaya ta biyu. Gidan attajirin nan dai, ƙa'idar nan dai, amma yau ka wuce ka ji shiru, janareta bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, har na ɗauka ya manta da ni. Can ya ɗago ya ce, “To in ƙa'idar gaskiya ce, akwai wuta. Da an ɗauke da na ji shi.” Na tambaye shi a wane shafi ya ga amsar. Ya ce ba ta cikin littafin.