Sirrin ɗaki da amanar kujera: wanne ya shafi ƙuri'armu?



Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu na Geza da duk mazaɓar Matsinka/Geza, da 'yan'uwanmu na Kaoje, Illo, Lolo, Tsamiya, Zagga da cikin garin Bagudo, barkanmu da war haka. Allah Ya sa kowa ta tashi lafiya da iyalinta.

Zaɓen 2027 na matsowa, kuma kun san abin da lokacin siyasa yake zuwa da shi. Saƙon murya zai fara yawo a waya: an ga wane da matar wane, wane yana da wata ajiye a Birnin Kebbi, wane in ya tsallaka Benin ba fatauci ke kai shi ba. Wasu da hoto, wasu da murya da aka yanke kai da gindi. Tambayar da mata da yawa suke yi wa shugabanninsu ita ce: in mun ji irin wanga labari game da ɗan takara, mu janye masa ƙuri'a ko mu yi kamar ba mu ji ba?

Matsayinmu a ɓangaren mata shi ne wannan. Halin mutum ya shafi ƙuri'armu, ƙwarai ma kuwa. Amma halin da aka tabbatar, wanda ya fito fili ya taɓa haƙƙin wasu. Jita-jitar zina da ba ta da shaida ba za mu yi zaɓe da ita ba, ba kuma za mu tura ta ba, ko da a kan abokin hamayyarmu ce. Ga dalilanmu.

*Abin da ya faru a Kano*

A watan Oktoba na 2024, hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta sanar da kama kwamishinan ayyuka na musamman na Jihar Jigawa, Auwal Ɗanladi Sankara, bayan wani magidanci ya kai ƙara yana zarginsa da hulɗa da matarsa. Kafin gari ya waye labari ya cika Facebook da WhatsApp. Gwamna Umar Namadi ya dakatar da shi daga aiki. Shi kuma ya musanta zargin tun daga farko. A watan Nuwamba, wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta wanke shi, bayan binciken 'yan sanda bai samu hujja ba, gwamna ya mayar da shi kujerarsa.

To, ku duba wa ya fita lafiya cikin wannan magana. Kwamishina ya koma ofis. Waɗanda suka yi ta turawa sun wuce ga wani sabon labari. Amma akwai mace a ciki, matar aure, da aka yi makonni ana ambaton sunanta a bakin mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Hukuncin kotu bai yi gudun da zargin ya yi ba. Da yawa da suka tura na farkon ba su tura na biyun ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Manyanmu suna tuna Safiya Hussaini ta Tungar Tudu, nan maƙwabtanmu Sakkwato. A 2001 kotu a Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa, namijin da ta ambata ya musanta aka sallame shi. Sai a watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta sake ta. Ko a gidan talaka ko a gidan mai mulki, in aka buɗe maganar zina, mace ce ke fara biya, ita ce kuma ke ƙarshen biya. Duk wadda ta danna "tura" a kan zargin wani ɗan siyasa, ta sani da hannunta ta jefi wata 'yar'uwarta mace, wataƙila ɗiyar maƙwabciyarta.

*Addininmu ya riga ya yanke magana*

Ba sai mun je nesa neman ƙa'ida ba. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa zargin zina sai da shaidu huɗu da suka gani da idonsu, wanda kuma ya yi zargi ya kasa kawo su, shi ke da hukuncin ƙazafi, bulala tamanin, a daina karɓar shaidarsa. Wannan hukunci yana cikin Suratun Nur, surar da ta wanke Uwar Muminai Nana A'isha daga ƙagen da aka yi mata. Waɗanda aka tsawata wa a lokacin ba masu ƙirƙirar maganar kaɗai ba ne, har da waɗanda suka ɗauka suka yaɗa. Wayar hannu ba ta sauya wannan hukunci ba. Ta dai sa abin da da baki za a gaya wa mutum uku, yanzu da yatsa ɗaya ya kai mutum ɗari uku.

Ga shi kuma zamani ya zo da na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, ke ɗora fuskar wani a jikin wani. Hoton da kika gani yau ba shaida ba ne. Dokar ƙasa ma ta laifukan intanet ta 2015 ta kai mutane da dama gaban alƙali saboda abin da suka wallafa. In abin ya tashi, wanda ya haɗa saƙon yana can a ɓoye, lambar wadda ta tura ce a fili.

*Amma ai wanda ya ci amanar gida zai ci ta gari*

Wannan ita ce maganar da iyayenmu suka fi kawowa, kuma magana ce mai nauyi. Inna za ta ce: "Wanda bai ji kunyar uwar ɗiyansa ba, mi za ya hana shi cin kuɗin asibitinmu?" Gaskiya ne hali zanen dutse ne. Mutumin da ya saba ƙarya a gida ba ya zama mai gaskiya don ya rantse da Alƙur'ani ranar kama aiki.

Sai dai abu biyu. Na farko, sanin hali daban, jin labari daban. A garuruwa irin namu ba a ɓoye mutum. Mun san mai auri-saki da ya watsar da mata da goyo ba ciyarwa. Mun san wanda sai da alƙali ya tilasta masa kafin ya biya kuɗin abincin 'ya'yansa. Mun san wanda matarsa ta sha yin yaji da kumburarriyar fuska, unguwa duka ta gani. Waɗannan ba sirri ba ne, haƙƙin mata da yara ne da aka danne a bainar jama'a, akwai shaidu, wani lokaci har da takardar kotu. Irin wanga mutum in ya zo neman kansila ko majalisa yana cewa zai share wa mata hawaye, muna da ikon mu ce masa ya fara da na gidansa.

Na biyu, kada mu ɗauka duk wanda ba a taɓa jin kansa da mace ba shi ne amintacce. Akwai mai gida lafiya lau, sahun gaba a masallaci, amma kwangilar rijiyar burtsatse ta shiga aljihunsa ba ta fito ba. Tsarkin suna a wannan fanni bai isa shaida ba a kan dukiyar jama'a. Sannan a bambance: wanda ya ƙara aure a fili, da sadaki da waliyyi da shaidu, bai ci amanar kowa ba. Abin dubawa a wurinsa shi ne adalci tsakanin matansa.

*Inda sirri ya daina zama sirri*

Akwai wurare uku da maganar ɗan siyasa da mata ta tashi daga ɗakinsa ta shigo gidan kowa.

Na ɗaya, in kuɗin jama'a ne ke tafiya. Motar gwamnati, gurbin aiki, kwangila ko kujerar Hajji da aka ba wata saboda alaƙa, alhali ga masu cancanta a layi. Nan ba mu tambayi abin da ke tsakaninsu ba, mun tambayi kuɗinmu.

Na biyu, in kujera ta zama tarko. Yarinya ta gama NCE ta kai takardunta neman koyarwa, a ce ta dawo da yamma masauki. Bazawara ta je neman tallafin jari, a nemi lambarta don wani abu daban. Wannan ba soyayya ba ce, ƙarfi ne ake gwada wa mai rauni. Wanda aka tabbatar yana haka bai cancanci ƙuri'ar mace ko ɗaya ba, ko da tutarmu yake ɗauke da ita.

Na uku, duka da cin zarafi. A watan Yuli na 2019 jaridar Premium Times ta fitar da bidiyon Sanata Elisha Abbo na Adamawa ta Arewa yana marin wata mata a wani shago a Abuja. Ya fito ya nemi gafara a gaban 'yan jarida. Kotun majistare ta kori tuhumar laifi da aka yi masa, amma a watan Satumba na 2020 babbar kotun Abuja ta umarce shi ya biya matar diyyar naira miliyan 50. Ku ga bambancin wannan da maganar Kano. Can zargi ne da kotu ta ce babu hujja. Nan abu ne da ido ya gani, mai shi ya ba da haƙuri, alƙali ya sa diyya. Mai zaɓe tana da cikakken haƙƙin ta riƙe irin wannan a zuciya ranar ƙuri'a.

Ko a Amurka haka aka raba abin. Da majalisar wakilai ta tuhumi Shugaba Bill Clinton a watan Disamba na 1998, ba a kan cin amanar matarsa aka rubuta tuhumar ba. A kan ƙarya bayan rantsuwa da toshe hanyar shari'a ne. Majalisar dattawa ta wanke shi a watan Fabrairu na 1999, ya ƙarasa mulkinsa. Yarinyar da ke koyon aiki a fadarsa kuwa ta yi shekaru tana ɗauke da tabon.

*Wuƙar da ake wasawa, mu za ta yanka*

'Yan'uwa, mu da muke siyasa mu fi kowa tsoron wannan makami. Duk macen da ta fito taro, ta hau mota da maza zuwa gangami, ta tsaya takara, kalmar farko da ake jifanta da ita kun san ta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan NEPU, ta sha zagi da duka da ɗauri sau da dama a kan neman 'yancin mata, kuma matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. Yau a majalisar dattawa mai kujeru 109, mata huɗu ne kacal. Cikin abin da ke hana ƙwararrun matanmu fitowa akwai tsoron a ɓata musu suna a gidan miji. In mun saba wa jama'a cewa saƙon murya ɗaya ya isa a kashe ɗan takara, gobe da wadda muka tsayar kansila za a gwada, kuma ba mu da bakin kuka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani abin kuma, irin waɗannan labarai suna cinye lokacin da ya kamata mu yi tambayoyinmu na gaske. Mu mutanen bakin iyaka ne. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 mun ga yadda kasuwancin mata ya tsaya, iyakar Kamba ma ba a buɗe ta ba sai 2022. Wa ya tsaya mana a lokacin? Wa zai tsaya a kan takin shinkafa ya zo kafin shuka, a kan ungozoma da magani a asibitin karkara, a kan hanyar da mai naƙuda za ta bi ta kai Bagudo da rai, a kan ɗiyanmu mata su gama sakandare? Ɗan takarar da ba shi da amsar waɗannan ya fi kowa son mu shagala da zancen wa aka gani da wa.

*Abin da muke roƙon kowace mace*

In irin wannan saƙo ya shigo wayarki, ki tsayar da shi nan, kada ki tura, kada ki kunna wa kishiya ko maƙwabciya. Masu kula da zaurukanmu na WhatsApp su goge shi, su ja kunnen wadda ta saka, ko a kan ɗan wace jam'iyya ne.

In ke ce aka nema da lalata a bakin aiki ko tallafi, ko ɗiyarki, ki samu shugabar mata ta mazaɓarki a keɓe. Za a rufa miki asiri, a kai maganar inda ta dace, ga dattawan jam'iyya, ga Hisbah ko ga kotu, da hujja a hannu. Ba za mu rufe wa namu ba don namu ne.

In 'yan takara sun zo gaisuwa, kafin a karɓi atamfa da sabulu a yi guɗa, a tambaye su aiki. A kuma tambayi matan unguwarsu yadda suke riƙe da iyali da maƙwabta, don su ne suka sani.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga mutuncin bayinSa, Ya zaɓa mana shugabanni masu tsoronSa a ɓoye da bayyane. Amin.

A tura wa sauran zaurukan mata na mazaɓu. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ɓangaren Mata, mazaɓar Matsinka/Geza, Ƙaramar Hukumar Bagudo.