’Yarki Ta Zo Sallah, Amma Ba Ta Zama Likita Ba Tukuna

Wannan makon da ke nake, ke uwar da ’yarki ko ɗanki ke aji shida a karatun likitanci. Zan riƙa cewa “ita” don sauƙin magana, amma zancen ya shafi maza ma.

Sallah ta ƙarato, motocin Kano da Dutse za su fara sauke ɗalibai a Birnin Kudu, wasu su zarce Sara da Gwaram da Basirka. A cikinsu akwai na Jami’ar Bayero masu koyon aiki a Asibitin Malam Aminu Kano, da na Jami’ar Tarayya ta Dutse, da na Jami’ar Ahmadu Bello masu zarya a asibitin Shika. Taki za ta sauko da jaka mai nauyi, kina tsammanin tsaraba ce, ki buɗe ki tarar littattafai ne. Kada ranki ya ɓaci. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Karatun likitanci a Najeriya shekara 6 ne a rubuce. Amma wadda ke jami’ar tarayya ta sha zaman gida: yajin aikin malaman jami’a na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Sa’o’inta da suka karanta wasu fannonin sun gama, wasu har da goyo, ita tana nan da farar riga tana bin bayan manyan likitoci daga gado zuwa gado. Jarrabawar ƙarshe kuwa ba rubutu kaɗai ba ce. Za a tsayar da ita gaban majinyaci na gaske, ta yi masa tambayoyi, ta duba jikinsa, ta faɗi abin da take zato da dalilinta, ga malamai har da waɗanda aka gayyato daga wasu jami’o’i suna kallon hannunta. In ta faɗi a nan, sai ta jira watanni ta sake, wani lokacin ma ta maimaita shekarar. Hutun Sallar nata kwana biyu ne ko uku, ba kamar na ƙannenta ’yan sakandare ba.

Yanzu ga abin da ke jiranta a gida. Tun kafin ta aje mayafi an fara: “Likita ta iso!” Gwaggo za ta zo da ciwon gwiwarta, Kawu da takardar gwajin da aka yi masa bara, maƙwabciya da yaron da ya kwana uku yana zazzaɓi. Kowa cewa zai yi, “’Yar nan, rubuta min magani.” Ke kuma daɗi zai kama ki, kuma ba laifi, wahalarki ce ta fara haske. Sai dai ki san wannan: ɗalibar aji shida ba ta da izinin rubuta wa kowa magani. Sai ta ci jarrabawa, ta yi rantsuwa, Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Najeriya, MDCN, ta ba ta lasisin wucin gadi. Daga nan ta yi shekara guda cur tana aiki ƙarƙashin manya, wata uku-uku a ɓangaren cututtukan manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa, kafin a ba ta cikakken lasisi.

Wannan doka ba don a wahalar da kowa aka yi ta ba. Ɗauki gwiwar Gwaggo. Maganin ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac yana iya fasa gyambon ciki, yana iya taɓa ƙoda, musamman ga tsohuwa mai hawan jini. A tsakar gida babu gwajin jini, babu katin asibitin da zai nuna magungunan da take sha. In yarinyar ta ji kunya ta rubuta, abu ya lalace, ba za a ce Gwaggo ce ta matsa ba, za a ce ’yar wance ce ta ba ta. In kuma ta ƙi, a ce boko ya sa mata girman kai. Ta ko’ina ita ce a tsakiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ita ta fi kowa a gidan sanin iyakar saninta.

A nan ne ake buƙatarki. Na san kara, na san nauyin da uwa ke ji ta tare wa ’yarta a gaban dangin miji, balle in ’yar fari ce. To in bakinki ba zai iya ba, ki sa mahaifinta ko kakarta su faɗa tun ranar jajibere: “Ɗaliba ce, ba a ba ta izini ba tukuna.” In babba ya faɗa sau ɗaya, an huta.

Hakan ba ya nufin zuwanta ba shi da amfani. Abin da za ta iya yi ba tare da haɗari ba, shi ne ma ya fi ceton rai. Za ta iya auna jinin Baba, in ta ga yana kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ta ce a je asibiti. Za ta iya karanta wa Kawu takardarsa ta fassara masa da Hausa. Za ta iya zaunar da matan gida, ana suyar nama ana hira, ta koya musu alamomin da ba a kwana da su: mai ciki da ke ciwon kai mai tsanani, fuska ta kumbura, gani ya dushe; dattijon da bakinsa ya karkace ko hannu ɗaya ya saki ko magana ta sarƙe; yaron da ke jijjiga, wanda ba a tura masa cokali a baki, ba a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan a Birnin Kudu, kuma sashen gaggawa ba ya hutun Sallah. Ga mutanen ƙauyukan Gwaram, inda tafiyar ke da ɗan nisa, wanda zai ce “a tashi yanzu, kada a jira gari ya waye” ya yi babban aiki.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna da nauyi a wurinta. Ki ware mata awa biyu ko uku bayan asuba, a ɗakin da yara ba sa shiga. Ta taya ki aikin nama da tuwon Sallah, ’yar gida ce, amma kada yawon gaishe-gaishe ya cinye mata yini uku. Ta gaida kakanni da waɗanda suka wajaba. Zancen “yaushe za mu sha biki?” kuma ki kawar da shi da raha, ki ce a bari ta sauke wannan kayan tukuna. In ta ce za ta koma washegarin Sallah saboda tana da kwanan asibiti, kada ki yi mata fushi, marasa lafiya ba su san an yi Sallah ba. Ki ƙulla mata soyayyen nama da dambu, ki ƙara mata kuɗin mota in da hali.

Sannan ki lura da ita. Wadda ta yini tana ganin ciwo da mutuwa tana iya dawowa shiru-shiru. In kin ga ba ta barci, ba ta cin abinci, ko tana kuka a ɓoye, ki zauna da ita ku biyu. Kada ki tambaye ta na nawa take zuwa a aji, ki tambaye ta yadda take.

Jiharmu na da ƙarancin likitoci, balle likitoci mata, kuma kin san matan da ke ƙin zuwa asibiti don kada namiji ya duba su. Watanni kaɗan suka rage wa taki. Allah ya ba ’ya’yanmu sa’a, ya sa mu ga ranar rantsuwarsu, ya maimaita mana. Barka da Sallah.