A daina ƙirga mana dashe, a ƙirga mana wanda ya rayu

Jama'a, yau dai sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Damina biyu da suka wuce aka zo bakin titinmu nan wajen Ƙofar Na'isa da mota cike da 'yan bishiyoyi a leda. Aka kafa rumfa, aka raba riguna masu tambari, babban baƙo ya tsuguna ya sa ɗaya a rami, aka zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu, masu hoto suka ɗauka, aka watse kafin azahar. Ba zan faɗi su waye ba, don ba su kaɗai ke yi ba. Shekaranjiya da yamma na bi layin a ƙafa ina dubawa. Waɗanda suka rayu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran akuya ta yi kalaci da su, wasu rana ta ƙone su tun kafin Maris, wasu kuma ko ramin ba ka ganewa. Amma na tabbata a wata takarda, a wani ofis, duk suna nan da ransu, an ƙirga su cikin nasarori.

Wannan ƙirgen shi ne abin da ya ishe ni. A 2019 marigayi Shugaba Buhari ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi alƙawarin bishiya miliyan 25. A 2024 gwamnatin Kano ta ƙaddamar da shirin miliyan 3. Kafin su an yi, bayan su ma za a yi. Ban ce mugun nufi gare su ba. Tambayata ɗaya ce, kuma har yau ban ga wanda ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa ta ba: cikin waɗanda aka dasa shekara uku da suka wuce, nawa ne ke tsaye yau? A ina suke, mu je mu zauna a inuwarsu?

Shi kansa babban shirin nan na Afirka, katangar bishiyoyi daga Senegal zuwa Jibuti da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, da aka duba shi a 2020 sai rahoto ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 kacal aka cimma na hekta miliyan 100 da aka ɗauki niyya. Shekara 13 fa. Kuma kar a manta, dala miliyan 700 ta shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa jihohin Arewa a 2021 ba kyauta ba ce, bashi ne. 'Ya'yanmu za su biya. To ai ko don wannan muna da haƙƙin mu tambaya.

Ku duba sunayen unguwannin garin nan kawai. Kasuwar Rimi. Durumin Iya. Cediyar 'Yan Gurasa. Kurna. Giginyu. Tsamiyar Boka. Kukar Bulukiya. Ita kanta Kasuwar Kurmi, daga kurmin Jakara ta samo sunanta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye da bishiya suke kwatance. Mu yanzu da gidan mai da shagon caji muke yi. Ƙofarmu ma a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka sake gina wata da siminti. Ƙofa dai an mayar da ita. Rimi kuwa, in ka sare shi, jikanka ne zai ga irinsa, in ma an yi sa'a.

Wani zai ce, to Malam, da babu ai gara ba daɗi, a bar su su yi ta dasawa, wata rana wasu za su kama. A'a. Wannan maganar ta yi daidai da zamanin da yanayi ke zaune wuri ɗaya. Yanzu ba haka ba ne. Kun tuna azumin 2024? A garin Kayes na Mali zafi ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu, kuma masanan da suka bi diddigin wannan zafin sun ce ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Mu ma nan mun ɗanɗana, ga ba wuta, ga kwanon rufi kamar tanda. Ruwan sama shi ma ya canza hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Wato ruwan zai zo a fusace cikin awa biyu, ya gudu da ƙasa, ya rushe katangu, sannan a yi sati biyu ko uku ba ɗigo. Bishiyar da ka dasa yau, da yanayin 2050 da 2070 za ta yi kokawa. Ka ɗauko kowace iri ce kawai don ita ce ta fi arha a wurin masu reno, ka tura ta wannan fagen? Haba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ilimin yana nan. An yi binciken, kuma a ƙasar Hausa aka yi da yawansa.

Ɗauki ƙirya, wadda ake turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ba su da gawayin da ya fi nata. Masu bincike a Nijar sun tattaro irinta daga wurare daban-daban, masu ruwa da yawa da masu ƙarancin ruwa, suka shuka su wuri ɗaya suka sa ido shekara da shekaru. Sai ga shi irin da aka ɗebo daga wuraren da suka fi fari ya fi girma, ya kuma fi jure mutuwa. Shawarar da suka bayar a fili take: in yanayi na ƙara bushewa, a riƙa ɗauko iri daga inda ya fi bushewa a kai inda bai kai shi ba, kada a yi akasin haka. A Hausance, irin da ya dace da Kano ta gobe yana wajen Maraɗi da Damagaram yau. To ku tambayi duk wanda ya kawo muku dashe a leda: daga ina aka samo irin nan? Wace uwa ce ta haife shi? Wallahi zai dube ka kamar ka yi masa Sinanci. Amma mutumin nan da zai sayi ɗan rago sai ya tambayi asalinsa.

Ga sabara da kalgo, waɗanda muke ɗauka banza, kowace shekara a sassabe a cinna musu wuta. A Senegal an gwada, aka sa wa ruwa alama a can ƙarƙashin ƙasa inda saiwar sabara kaɗai ke kaiwa, sai ga ruwan nan ya bayyana a jikin geron da ke kusa da ita. Ashe da daddare tana jawo ruwa daga ƙasa tana sakin wani a sama, geron ya sha. Rijiya ce kyauta a tsakiyar gona, mu kuma muna ƙone ta. Gawo kuwa ba sai an faɗa wa manomi ba: da damina ya zubar da ganye ya bar wa shuka rana, ya ba ta taki, da rani ya yi ganye ya ba dabba inuwa da abinci. Sau nawa kuka ga gawo ko ƙirya ko aduwa ko kanya a motar masu bikin dashe?

Abin da muke gani darbejiya ce da turare. Ba na raina darbejiya, ita ce ta rufa mana asiri a garin nan, ba don ita ba da tuni mun soye. Amma baƙuwa ce daga Indiya, kuma a farkon shekarun 1990 an ga wata lalura ta bi ta a Nijar da Arewacin Najeriya, ganye ya yi ta zubewa, rassa suna bushewa daga sama. Gari guda ya jingina inuwarsa da bishiya iri ɗaya, ranar da cutarta ta zo shi kenan. Turare kuma nan kusa da mu, a Yambawa ta wajen Ɗambatta, an yi nazarin shingayensa da aka dasa don tare iska. Tashar binciken shingen bishiyoyi ta hukumar FRIN da ke nan Kano tana cikin aikin. Sun gano saiwarsa na shiga gona tana ƙwace wa gero ruwa, kuma in aka haƙa rami a gefe aka datse saiwar, amfanin gona yana ƙaruwa. Sun kuma gano an bar tazara mai yawa tsakanin shinge da shinge, har kariyar ba ta kaiwa tsakiya. Tun shekarun 1990 aka san wannan. Wa ya karanta? Wa ya gyara?

Yanzu ku tsallaka iyaka. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa bishiyoyi suna mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirarrun da ke fitowa a gonaki ba ciyawa ba ce, tohon kututturan bishiyoyin da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Aikin kawai shi ne manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi ɗaya ko biyu ko uku, ya rage sauran, ya kare su. Suka kira shi sassabin zamani. Ba leda, ba tankar ruwa, ba kwangila. Gaskiyar magana manoma sun san wannan tun kaka da kakanni, abin da ya kashe musu gwiwa shi ne dokar da aka gada daga Faransa wadda ta mai da bishiya ta gwamnati ko da a gonarka take. Da aka sassauta, mutum ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sai abu ya kama kamar wutar daji. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan hekta miliyan 5 da bishiya wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Hausawa ne irinmu, ruwansu bai kai namu ba, kuɗinsu bai kai namu ba.

To me ya sa mu ba ma yi da gaske? Ni dai zargina, kuma zargi na ce, shi ne sassabin zamani ba shi da abin ci. Ba a ba da kwangilar kututture. Ba a yanka zare a gindin sabara.

Kuma don Allah a daina ɗora wa talakan ƙauye laifi. Michael Mortimore, wanda ya koyar a ABU da BUK, shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, suka nuna cewa duk da cunkoson jama'a manoman nan ba su ƙarar da bishiyoyin gonakinsu ba, suna rena su ne kamar dabbobinsu. Wanda ke cin daji mu ne, mu 'yan birni. Buhunan gawayin da ake saukewa a unguwanninmu kullum tun da gas ya gagari mutane, daga ina kuke zaton suke zuwa? Ni ma da shi ake dafa min tuwo, ban fi kowa ba. Mu ne ke sare bishiyar ƙofar gida don a ga allon shago. Mu ne ke shafe tsakar gida da siminti har ruwa ya rasa inda zai nutse. Mu ne ke sakin awaki a titi sannan mu ce gwamnati ta kasa.

Malaman jami'a, ku ma ba ku tsira ba, da girmamawa nake faɗa. Daga Ƙofar Na'isa zuwa tsohuwar BUK ko a ƙafa mutum zai je. Jami'ar tana da cibiya guda ta nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Amma abin da kuka gano yana kwance da Turanci a mujallun da ko ɗalibanku ba sa iya saye. Ku fito rediyo da Hausa. Ku gaya wa mai unguwa wace bishiya ce za ta jure bakin kwalta, wacce ce saiwarta ba za ta fasa masa katanga ba, zurfin rami nawa, wane wata za a dasa. Dashen da aka yi a ƙarshen Satumba, ruwa na shirin ɗaukewa, ai kowa ya san jana'iza aka yi masa, amma haka ake yi saboda sai lokacin kuɗi ke fitowa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai dashensa ya tsallake rani biyu. Kowace bishiya a san mai ita, da sunansa, ko mai shago ne ko makaranta ko masallaci, a ba shi 'ya'yanta da rassanta. A rubuta inda aka samo iri. Sannan a ƙirga masu rai a watan Afrilu, lokacin da ƙarya ba ta yiwuwa, a buga sakamakon kowa ya gani. Kar a ce ba za a iya ba. A 2020 masana sun yi amfani da tauraron ɗan'adam da kwamfuta sun ƙirga bishiya sama da biliyan 1.8, ɗaya bayan ɗaya, a yammacin Sahara da Sahel. Ƙirga na titin BUK ne zai gagara?

Ni dai na fara nawa. Na samo 'ya'yan aduwa da na ƙirya a hannun wani direba da ke zuwa Maraɗi, suna nan a gwangwanaye a bayan ɗaki, na kewaye su da tsohon gidan sauro saboda kaji. 'Yan ukun nan ko huɗu da suka rage a bakin titi kuma, ni da wani mai shayi mun yi musu shinge da ƙaya da buhu, yaransa na zuba musu ruwan wanke kofi da safe. In Allah ya kai mu Afrilu zan sa muku hotonsu a nan, ko sun rayu ko sun mutu. Masu miliyoyi su ma su sa nasu.